Ƙullin Maraƙi

Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari a shekarun da suka biyo bayan yunwar Kakalaba, zamanin mulkin Turawa, ya san rumfar Zinariya, in bai san ta da ido ba ya san ta da hanci. Tun daga kara, inda ake cinikin shanu, ƙamshin kajiji da turaren wuta ke jan mutum har ya iso gaban faya-fayanta. Ga curin sabulun salo da take dafawa da tokar karan gero da kitse, ga sassaƙen maɗaci, ga magunguna ƙulli-ƙulli a tsumma, na mutane a damanta, na dabbobi a hagunta. Bamangiya ce, ƙatuwa, kuma Allah ya ba ta hannun magani. Aibinta ɗaya ne, bakinta da kunnenta ba sa aiki lokaci guda, bakin kuwa ya fi samun aiki.

Wata Alhamis da kaka, hantsi ya ɗaga, sai ga wata yarinyar Fulani ta sauke ƙwaryar nono ta durƙusa a gabanta. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, maganin ciki nake so. Na..."

"Ke baiwar Fulani! Har yau kina sayar wa mutane toka da sunan sabulu?"

Sajo ne, wani dattijon Bafillace mai ruga a yamma da gari. Mangawa da Fulani kuwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangidan wani.

Zinariya ta tafa hannu. "Ka ga bawana! Zo in wanke ka kyauta. Kai, a'a, bari, in na wanke ka shanunka ba za su gane ka ba."

Sajo ya tsuguna a gefen rumfa yana zaɓar kanwar shanu, yana kushe kowane dunƙule. Yarinyar nan kuwa tun da ta ji muryarsa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ba shi baya. Zinariya ta gani, amma ramuwar da za ta yi wa Sajo ce ta cika mata kai.

"Ina jin ki, 'yata. Maganin cikin wa?"

"Na ɗan abin nan ne... na gidanmu. Ƙaramin."

"Na garke?"

Yarinyar ta saci kallon gefe. Sajo na nan dab da ita. Ta gyaɗa kai.

"Me ya same shi?"

"Ya bi yara gona, ya ci ɗanyen wake. Cikin ya kumbura, ba ya fitar da komai."

"An yaye shi?"

"An yaye shi."

"Ja ne ko fari? Jajayen nan sun fi ragwanta."

"Ja ne."

"Duk jajaye haka suke," in ji Zinariya da ƙarfi don Sajo ya ji, "daga masu ƙafa huɗu har masu sanda." Ta ƙifta wa yarinyar ido. Ta miƙa hannun hagu ta ɗauko wani ƙulli mai nauyi. "Ki dama shi duka a ƙwarya. A ɗaga kansa a ɗura masa, in ya ƙi a toshe hanci. Kar a bari rana ta karkata, da kin isa a ba shi."

Da yarinyar ta ga ƙiftawar idon nan sai fuskarta ta ɗan saki. Ta ajiye curin man shanu a bakin faifai, ta soke ƙullin a ƙugu, ta sulale.

Rana ta take tsaka, Sajo ya daɗe da tafiya da kanwarsa, sai ga Lauratu mai fura ta zo shan inuwa. Ita Lauratu a wurin matan ruga take sayen nono, kuma ba nonon kaɗai take ɗaukowa ba. In ta zauna da Zinariya, ba gidan da ke kwana da rufi daga Gumel har Gagarawa.

"Ke, na ga surukar Sajo a nan ɗazu," ta ce, tana gyara zama.

"Wace surukar Sajo?"

"Asama'u mana, matar ɗansa. Wadda ta durƙusa miki. Ni dai kunyar Fulani ta ishe ni. Ɗanta na fari na can kwance, ciki kamar tulu, ita kuwa ta ɗauko nono ta taho kasuwa kamar ba ita ta yi naƙudarsa ba. Wai ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ko tambayar jikinsa ba ta yi. Gaban suruki kuwa ai ko wuƙa aka sa mata..."

Zinariya tana cikin ɗaure kajiji. Hannunta ya tsaya.

"Me ya sami yaron?"

"Ɗanyen wake wai ya ci a gona."

"An yaye shi?"

"Bara. Manu sunansa, ɗan jawur da shi kamar uwarsa. Ke lafiya? Kin yi wani iri."

Zinariya ta dubi faifan hagunta, inda gurbin ƙullin yake. Ita ta haɗa shi da hannunta, ta san abin da ke ciki. 'Ya'yan bini-da-zugu dakakku cike da tafi, da jar kanwa, da saiwar tumfafiya. Bini-da-zugun nan ƙwaya kaɗan ke sa ƙato ya wuni tsugune a bayan gari yana kiran uwarsa. Abin da ta ƙulla na maraƙi ne wanda ƙahonninsa suka fara tsirowa. Ta kuma ce a dama duka. Ta kuma ce a toshe hanci. Ƙiftawar idon da ta yi don tsokanar Sajo, yarinyar ta ɗauka cewa aka yi: na gane, ɗanki ne, na rufa miki asiri.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Lauratu, na kashe ɗan mutane!"

Ta miƙe, faifan sabulu ya kife. Ta bar Lauratu da baki buɗe ta nufi gindin tsamiyar da matan Fulani ke zama da ƙorensu. Asama'u? Ai tun ɗazu ta juye nononta wa wata ta tafi, wai kanta ke ciwo. Sajo fa? Wani ya ce ya bi wani bijimi can wajen iyakar mulkin Faransa, wani ya ce yana masallaci. Rugar fa? Suka nuna mata yamma da leɓe: hanyar Sule Tankarkar, in ta wuce gonakin gero ta ga tabki, ta bi hannun dama.

A bakin kasuwa ta tarar da jakin Dogo mai kanwa an sauke masa kaya. Ba sallama ba roƙo ta kwance shi ta haye.

"Zinariya! Ke Zinariya! Jakina!"

"Ka riƙe rumfata jingina!"

Jaki dai jaki ne, bai san rai na hannun Allah yana kuma bisa bayansa ba. Ya yi ɗan sassarfa har suka fita gari, daga nan ya koma tafiyarsa ta gado. Ta doke shi da dunduniya, ta doke shi da kara, ta roƙe shi, ta zagi uwarsa. Yashi ya yi zafi, rana ta fara sunkuyawa. Duk taku ɗaya maganarta ce ke dawo mata: da kin isa a ba shi. Ta ce a ranta, wataƙila kakar yaron za ta ɗanɗana tukuna, tsofaffi ba sa ba jika abin da ba su lasa ba. Wataƙila girman ƙullin zai ba su tsoro. Sai kuma ta tuna sunanta da ya yi nisa, wanda take taƙama da shi. In aka ce daga hannun Zinariya ya fito, wa zai tsaya tambaya?

Suna shiga gonaki jakin ya ga harawar wake a gefen hanya, ya kafe. Ta ja, ta tura, ko gezau. Ta dire ta bar shi nan, ta tattare zane ta sa gudu. Rabon Zinariya da gudu tun tana budurwa. Takalmi ɗaya ya tsinke, ta yar da ɗayan. Ƙarangiya ta cika mata zane da ƙafafu, numfashi na fita kamar zugazugi. Wasu masu yankan gero suka miƙe da magirbi a hannu suna kallon ƙatuwar mace na rugawa ba abin da ke bin ta.

"Baba, lafiya?"

"Rugar Sajo!"

"Ga tabki can, ki yi dama!"

Bukkoki ne 'yan kaɗan a bayan tabkin, shanu duk suna daji. Wata tsohuwa na zaune a inuwa tana kaɗa nono a gora. Adda ke nan, matar Sajo. Da ta ga tsagen Mangawa a fuskar baƙuwa sai ta washe baki.

"Yau baiwarmu ce ta zo gaishe da iyayen gijinta?"

"Ina yaron?"

Murmushin ya ɗauke. "Wane yaro?"

"Manu! Mai ciwon ciki!"

"Yana ɗaki a kwance. Na ba shi jiƙon tsamiya da safe."

"Uwarsa fa?"

Adda ta ɓata rai. "Mu ba a haɗa mana ɗan fari da wata uwa. Ni ce uwarsa. In matar ɗana kike nufi, ta dawo daga kasuwa ta tafi itace."

Zinariya ba ta tsaya ba, ta sunkuya ta shige bukkar. Ga tabarma, ga ɗan tsumman da ake lulluɓa shi. Ba yaro. Ta fito tana haki, ta kama hannun tsohuwar.

"Ki saurare ni, don Allah. Surukarki ta sayi magani a wurina. Mijinki na tsaye a kanmu, ta kasa cewa na ɗanta ne, ni kuma na ba ta na maraƙi. In ya shiga cikinsa duka, ba ya ganin gobe."

Adda ta leƙa bukka. Ta dubi inda ake rataye ludayi, babu ƙaramin. Gorar hannunta ta faɗi, nono ya bi ƙasa. Ashe yarinyar ba za ta iya miƙa wa kakar magani ta ce ga abin da na sayo wa ɗana ba. Ta faki ido ta ɗauke shi, ta je inda ba mai ganin ta tana uwa.

"Ina take zuwa itace?"

"Ko'ina! Daji ne!"

Suka fita, wannan ta yi nan, waccan ta yi can. Adda na ƙwala kiran Manu, Zinariya na kiran Asama'u, tana cewa kar ki ba shi, kar ki ba shi. Ba amsa. Zinariya ta gane kiran ma ɓarna yake yi, don in yarinyar ta ji muryar uwar mijinta ƙara ɓuya za ta yi, ta kuma yi sauri ta gama. Ta daka wa Adda tsawa ta yi shiru. Suka tsaya cik. Kurciya na kuka, iska na kaɗa karan gero. Can daga ƙasan tabki, wajen wani kalgo mai duhu, sai ga ɗan kukan yaro, irin wanda ake yankewa a tsakiya in an toshe hanci.

Zinariya ta yanki ƙaya da sabara ba ta ji ba. Ga Asama'u zaune, ta matse yaron tsakanin cinyoyinta, kansa a ɗage, yatsu biyu a hancinsa, ludayi cike a bakinsa. Zinariya ta kai wa ludayin mari ya yi sama, ta sa ƙafa ta shure ƙwaryar. Ruwan maganin ya malale a yashi, jaja-jaja, da saura da yawa.

"Nawa ya sha?"

Asama'u ta zaro ido. Ta buɗe baki, sai ta hango Adda na tahowa, ta sunkuyar da kai tana ƙoƙarin zame yaron daga jikinta.

"Ke! Kunyar nan ce ta kawo mu nan! Na shanu na ba ki, kin ji ko? Na shanu! Nawa ya sha?"

Sai da maganar ta shiga tukuna. Yarinyar ta dubi maganin da ya malale a yashi.

"Ludayi ɗaya," ta ce, murya kamar ba tata ba. "Ya tofar da wani. Wannan ne na biyu."

Zinariya ta fizge yaron ta kifa shi a gwiwarta ta zura masa yatsa a maƙogwaro. Ya yunƙura, ya kelaya amai, da magani da guntayen wake. Ta sake, ya sake. Ta ce wa Adda ta kawo gawayi daga murhu da sabuwar madara da gero da ɗan gishiri, ta kuma ɗora tukunya a nan gindin kalgon. Tsohuwar da ta ce ita ce uwar gijiya ta ruga kamar 'yar aike. Aka murƙushe gawayi a madara aka ba shi, aka tsinko ganyen sabara aka dafa.

Abin da ya riga ya wuce kuwa ya wuce. Ba a jima ba cikin ya motsa. Da farko har Adda ta ce alhamdulillahi, ga abin da ya toshe yana fita. Zinariya kuwa ta san ba fitar ba ce abin tsoro, rashin tsayawar ne. Ya yi, ya sake, ya sake, har ya koma ruwa zalla. Cikin da ke kamar tulu ya lafe ya manne da baya. Idanu suka faɗa. Kukan ma ya daina, sai ɗan nishi. Zinariya ta ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba.

"Ruwan jikinsa ke ƙarewa," ta ce. "In ba mu mayar masa ba, shi ke nan."

Ta haɗa ruwan gero da na sabara da ɗan gishiri. Ta kai masa baki, ya datse haƙora, don ya riga ya san hannun da ya zura masa yatsa. Adda ta karɓa tana masa kirari, ya haɗiyi kaɗan ya dawo da shi. Ɗurawa ba ta yiwuwa, amai take jawowa. Dole sai ya sha da kansa, kurɓi-kurɓi. Duk wannan abin Asama'u na durƙushe a gefe, ta ƙanƙame hannuwanta a ƙirji. Yaron ya juya kai, ya miƙa ɗan hannunsa wajenta.

"Ɗauke shi," in ji Zinariya.

Asama'u ta dubi Adda. Adda ta dubi ƙasa. Yarinyar ta matso da gwiwa ta ɗauke shi ta kwantar a ƙirjinta. Zinariya ta ba ta ludayi. Ta kai bakinsa, ya buɗe.

Daidai nan aka ji takun mutane. Lauratu ta riga ta yi aikinta, kasuwar Maigatari kaf ta ji Zinariya ta ba jikan Sajo maganin shanu. Ga Sajo nan tafe da wasu maza biyu na rugar, sanda a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tsaya a kansu. Ba baiwa, ba bawa. Ya dubi ƙwaryar da ke kife, ya dubi Zinariya, ya dubi yaron.

Asama'u ta saki ludayin. Ta fara laluben mayafi da hannu ɗaya, tana miƙa wa Adda yaron da ɗayan. Yaron ya datse baki, kansa ya langaɓe.

"In kika ajiye shi, kin ajiye shi ke nan," in ji Zinariya a hankali. Ta ɗaga kai. "Sajo, laifin nawa ne. Ban tambaya da kyau ba, bakina ya rufe min kunne. In ka ga dama ka kai ni gaban alƙali a Gumel, ba zan yi musu ba. Amma yanzu yaron nan ba ya karɓar ruwa a hannun kowa sai hannu ɗaya, hannun kuwa ba ya motsi kana tsaye."

Ba wanda ya taɓa gaya wa Sajo magana irin wannan a rugarsa. Mazan da ke bayansa suka dubi juna. Haɓar Sajo ta motsa, ya sauke sandar daga kafaɗa ya dogara ta a ƙasa. Zinariya na ƙirga numfashin yaron da ido, yana yi yana tsayawa.

Sajo ya yi gyaran murya.

"Adda," ya ce, "me kike yi a nan? Ni ban ga kowa a gindin kalgon nan ba sai mai magani da aikinta. Taso, shanu sun kusa dawowa."

Ya juya. Mazan suka juya. Adda ta miƙe da ƙyar ta bi su tana share ido da bakin zane. Ba su yi nisa ba, suka tsaya a bakin tabki, dukansu sun ba kalgo baya, suna kallon ruwa kamar an ce musu wani abu zai fito daga ciki.

Asama'u ta ɗauki ludayin. Ruwan ya fara zuba, Zinariya ta tallafe mata gwiwar hannu. Ta ɗiga masa a leɓe. Shiru. Ta sa baki a kunnensa tana masa magana da Fillanci, ƙasa-ƙasa. Leɓen ya motsa, maƙogwaro ya yi sama ya yi ƙasa.

"Dakata," in ji Zinariya. "Kar ki ƙara tukuna."

Suka jira. Ya yi wani yunƙuri, su biyun suka ɗauke numfashi. Gyatsa ce. Aka ƙara masa kurɓi, aka jira. Aka ƙara. Inuwar kalgo ta yi tsawo har ta taɓa ruwa, shanu suka fara kuka daga nesa, ba wanda ya tafi tarbarsu. Zawon ya zo sau ɗaya, kaɗan, bai sake ba. Da ludayin ya ƙare yaron ya kama bakinsa da hannu bibbiyu ya ƙi saki, yana neman ƙari. Zinariya ta ja fatar cikinsa ta saki. A hankali, kamar mai jin nauyi, fatar ta koma.

Sai a lokacin ƙafafunta suka gaya mata abin da ta yi musu. Ta zube a yashi, tafin ƙafa duk jini da ƙaya, ta kasa ko cire ɗaya.

Daga bakin tabki Sajo ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Mai magani. Ya zauna?"

"Ya zauna."

Tsohon ya kifa goshinsa a kan sandarsa, kafaɗunsa na girgiza. Asama'u kuwa ta sake cika ludayi.